Jar Ƙwaya da Fankon Kati

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya haƙuri da zaman nesa? Na kira wayarki har yatsana ya gaji, ba ta shiga. Direban motar da ke kai wa asibitinku magani duk Alhamis ya kawo wando in rage masa, shi ya ce in rubuta, zai miƙa miki hannu da hannu. Sai ki yi haƙuri da rubutun tela.

Maganar Maman Giwa ce. Cikin ya cika wata shida, amma yanayinta bai kwanta mini ba. Kin san ta, matar da take yi wa mutum biyar kitso a wuni ba ta miƙe ba. Yanzu kai ɗaya sai ta huta sau uku. Daga ɗaki zuwa bakin famfo haki take kamar ta hau dutse. Shekaranjiya ta sunkuya ɗaukar bokiti, jiri ya kwashe ta, Allah ya sa igiyar shanya na kusa.

Ga kuma wani abu. Na ga rami a bango bayan ƙofar ɗakinmu, na ɗauka ɓera ne, har na sayo tarko. Ashe ita ce take ƙwaƙular ƙasar tana ci. Da na yi magana sai ta yi dariya, wai kwaɗayin ciki ne.

Kada ki ce ba ma zuwa awo. Ba ta taɓa fashi ba. Suna ba ta jar ƙwayar nan ta ƙarin jini, kati uku duk wata, kuma dokar asibitin unguwarmu ita ce sai mace ta dawo da fankon katin kafin a ba ta sabo. Tana mayarwa cif. Malamar awo har yaba ta take yi a gaban sauran mata. To ni abin da nake tambaya, ko maganin ne na jabu? Ke ce malamar asibiti a gidanmu, ki faɗa mini abin yi.

Giwa tana gaishe ki. Sunan da kika laƙa mata dai ya zauna, jikin ne bai bi sunan ba, shekara uku amma rigar bara take sawa. A asibiti sun ba ta wani garin magani a ƙananan ledoji, ana barbaɗa mata a abinci.

Ƙaninki,
Tela

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, aiki kuwa sai godiya. Wasiƙarka ta zo, ban ji daɗinta ba, don haka gaisuwar ta tsaya nan.

Cin ƙasa ba kwaɗayi ba ne, jiki ne yake kuka. Haki, jiri, cin bango, duk alamun ƙarancin jini ne, kuma mai ciki da ba ta da jini kamar mai tafiya ce ba guzuri. Ranar haihuwa dole a zubar da jini. Mai shi da yawa ta zubar ta tashi. Marar shi, ɗan abin da wata za ta zubar ta yi wanka ta ci abinci, ita shi zai kayar da ita.

Ka ajiye almakashi ka yi abin da zan faɗa. Ka fito da ita tsakar gida da rana, ka ja fatar idonta ta ƙasa ka duba cikin. Ja ne ko fari? Ka haɗa tafin hannunka da nata ka gani. Ka tambaye ta ko da shayi take haɗiye maganin, don shayi yana hana shi shiga jiki, da ruwa ake sha, in da lemo ya fi. Sannan ka tambaye ta launin bayan gidanta. Na san yanzu ka yamutsa fuska, to ka saki. Wanda yake shan ƙwayar nan kullum, bayan gidansa baƙi ne. In nata bai canza ba, ko dai maganin ba na kirki ba ne, ko kuma ba ya isa cikinta.

Batun fankon kati kuma, kada ka kafa mini hujja da shi. Mu ma nan haka muke yi. Mata sittin a layi, malama ɗaya, wa ke da lokacin buɗe idon kowa? Sai mu ƙirga fanko mu sa alama a littafi mu ce ta gaba. Fanko dai shaida ce cewa ƙwaya ta fita daga kati. Inda ta tafi, kati bai sani ba.

Ka ce su gwada jininta, gwaji na gaske, da tsira allura a yatsa. Ka dinga shigo da hanta ko sau ɗaya ne a mako, da ƙwai, da wake, da ganye. Na san ka da son naman tsire a bakin shago kai kaɗai, ka kai shi gida.

Ka shafa mini kan Giwa. Garin nan nata kada a tsallake.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi yadda kika ce. Cikin idon fari ne fat, na tsorata. Tafin hannunta kusa da nawa kamar ba na mai rai ba.

Shayi ba ta sha tun farkon cikin, warinsa ma tayar mata da zuciya yake. Da na yi tambayar bayan gida ta kalle ni kamar na zage ta, ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa yi mata wannan cin fuskar ba. Wuni guda ba ta yi mini magana ba.

Mun je asibitin unguwa. Malamar ta ce abin gwajin jini ya ƙare, sai wani watan. Ta buɗe littafi ta nuna mini alama a jere, ta ce, “Malam, matarka ai ita ce ta ɗaya a shan magani, da duk haka suke da na huta. Cikin ne ya yi mata nauyi.”

Yanzu ni da kaina nake ɓallo ƙwayar duk safiya kafin in fita shago. Ina kallo ta sa a baki, ta kurɓi ruwa. To ina kuma zancen ba ya isa cikinta? Yaya, zan faɗa miki gaskiya ko za ki ji haushi. Na karanta wasiƙarki sau uku, na ga inda kika dosa. Matata ba maƙaryaciya ba ce. Ke kika karɓi haihuwar Giwa, kin ga abin da ta sha kwana biyu ba ta ko ɗaga murya ba. Mai wannan haƙurin ba za ta zauna tana yi mini wasa da hankali a kan ƙwaya ba.

In akwai wani maganin da ya fi wannan ƙarfi, ki aiko da sunansa.

Naki,
Tela

Yaya,

Ina wuni, ya aiki, ya gajiya? Ni ce matar ƙaninki. Direban ya biyo ɗaukar wasiƙa Baban Giwa ba ya nan, na roƙe shi ya dawo da la’asar. Don girman Allah wannan takarda ta tsaya tsakanina da ke.

Na ga abin da kika rubuto masa, a aljihun rigarsa da zan wanke. Ke kaɗai kika gano ni. Yaya, ban sha ba. Tun katin farko ban haɗiyi ko ɗaya ba. Da can ɓallewa nake in zuba a gwangwanin duwatsun kitso, ja cikin ja, ba mai lura. Yanzu da yake tsayawa a kaina, a gefen kunci nake riƙewa har ya fita.

Ba taurin kai ba ne, tsoro ne. Cikin Giwa na sha ƙwayar nan kullum, ke kike aiko mini da ita. Kin san yadda aka ƙare. Kwana biyu ina naƙuda, aka yi mini ƙari, na yi wata ban zauna daidai ba. Da kika ɗora ta a sikeli kika yi dariya kika ce, “Kai, wannan giwa! Ƙwayoyin da na ɗura miki ba su tafi a banza ba.” Kowa ya yi dariya. Ni ina kwance ana ɗinke ni, na ji, kuma na riƙe.

A layin awo ma haka mata suke faɗa, wai jar ƙwaya ƙaton kai take yi wa jariri. Ba ni kaɗai ba ce. Akwai mai zuba tata a masai, akwai mai ba kaji. Kowa ta kawo fanko, malama ta sa alama, a rabu lafiya. Da daga bakinsu kaɗai na ji, da na ce surutun mata ne. Amma ke malamar asibiti ce.

Ni dai so nake wannan ya zo ƙarami, ya fito da sauƙi, in ya fito na ciyar da shi ya girma a waje. Garin Giwa ban taɓa tsallake mata ko leda ɗaya ba, ki tambayi babanta. Ita ai ta riga ta fito.

Amma yanzu jikina yana ba ni tsoro. Ina zaune zuciyata take bugawa har cikin kunne. Ƙafafuna sun kumbura. Jiya na sallami wadda ta zo kitso da rabin kai. In na sha ina tsoro, in ban sha ba ina tsoro. Ki faɗa mini gaskiya, wanne ne zai kashe ni?

Kada ki gaya masa. Ya tsaya mini a gabanki, ya ce ni ba maƙaryaciya ba ce. Ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Ki yafe mini.
Maman Giwa

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu. Na karanta wasiƙarki a ɗakin ajiyar magani, na rufe ƙofa na yi kuka. Ba ke za ki nemi yafiya ba, ni ce.

Na tuna maganar. Wasa na yi, irin wanda muke yi in an sha wuya an tsira, don a saki rai. Ban san akwai kunnen da ya ɗauke ta da gaske ba. Magana zarar bunu ce, shekara uku ke nan tana yawo a cikinki ban sani ba.

To ga gaskiya, ba da bakin wasa ba. Ba ƙwaya ce ta wahalar da ke ba. Giwa ta zo ne fuskarta na kallon sama, kwanciyarta ce ta ja naƙudar, kuma nauyinta daidai ne, ba ta wuce misali ba. Ƙwayar da kika sha ita ta sa kika zubar da jinin da kika zubar ran nan kika kuma tashi. Kin tambaye ni wanne ne zai kashe ki. Rashin shan ne. Kuma jaririn da uwarsa ba ta da jini yakan zo kafin lokacinsa, bai ƙosa ba.

Ki fara sha yau, bayan kin ci abinci. Amma kada in yaudare ki, ƙwaya a hankali take aiki, lokaci kuma ya ƙure. Sai an kai ki babban asibiti an gwada jinin, wataƙila su ba ki maganin ta jijiya, kuma a can za ki haihu. In likita ya tambaya, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini.

Gwangwanin nan ki ɗaga shi sama inda hannun Giwa ba ya kaiwa. Ƙwayar tana da zaƙi a samanta, in yaro ya kwashi da yawa tana kisa.

Ba zan gaya wa mijinki ba. Amma na fi so ya ji daga bakinki, kuma kafin Alhamis.

Yayarki

Auta,

Gaisuwa. Babu wani sunan magani da zan aiko. Gobe da safe ka rufe shago ka kai ta babban asibiti, ba na unguwa ba. A gwada jininta. Ka nemi mutum biyu cikin abokan aikinka da za su iya ba da jini in an buƙata, a san rukuninsu tun yanzu. Kada ka tambaye ni dalili, ka yi kawai.

Yayarka

Yaya,

Barka da aiki. Saƙonki ya iso. Tun muna yara haka kike, “ka yi kawai”. Yanzu na yi gemu, Yaya, in za a aike ni a gaya mini dalili.

Na sake komawa wurin malamar awo da takardarki. Ta ce ita take ganin matar da idonta, ba wadda ke nesa ba, kuma mace mai shan magani haka ba abin tayar da hankali. Ta ce abin gwaji zai iso kafin ranar awo, saura kwana goma sha biyu. Na tambayi Maman Giwa ko mu tafi babban asibitin, ta sunkuyar da kai ta ce duk yadda na gani. Kwana biyun nan ma ita take tuna mini da ƙwayar, har ruwa kofi biyu take bi da shi. Kin ga ke nan.

Ni kuma kayan makaranta ne a gabana, riga da wando na yara tamanin, ranar Litinin ta sama za a karɓa. Babban asibiti kin san shi, wuni biyu ne kafin ka ga likita. Da na miƙa aikin zan kai ta, na yi alkawari. Hanta ina kawowa.

Ki kwantar da hankalinki.
Tela

Auta,

Babu gaisuwa. Na ɗauki amana, yau zan karya ta, Allah ya yafe mini.

Ka sauko da gwangwanin duwatsun kitsonta ka juye a tire. Maganin wata huɗu yana ciki. Alamar da ke littafin malama alamar fanko ce. Ba ta fara sha ba sai kwanan nan, kuma hakan ba zai isa ba. Laifin nawa ne, zan yi maka bayani in na zo. In ka ɗaga mata murya ban yafe ba.

Ka bar ɗinkin nan. In naƙuda ta same ta a haka a gida ko a asibitin unguwa, inda babu jini a ajiye, za ka rasa ta. Na nemi izini, ba a ba ni ba sai wadda za ta canje ni ta iso. Ka ɗauke ta yanzu, kafin ka ninke wannan takarda.

Yayarka

Yaya,

A kan benci nake rubutu, a barandar babban asibiti. Direban ya je shago aka ce masa muna nan, ya biyo ni da wasiƙarki. Ta makara da kwana biyu.

Ranar Talata da hantsi ina kan keken ɗinki maƙwabciyarmu ta shigo shago ba ko sallama. Naƙuda, wata takwas bai cika ba. Muka kai ta asibitin unguwa, yaron ya fito nan da nan, namiji. Ina murna a waje sai na ga malamar ta fito da gudu, rigarta jina-jina, tana cewa a nemo mota. Ta ce ba wani jini mai yawa ba ne, amma matar tana tafiya. A mota kanta na kan cinyata, ina kiran sunanta, leɓɓanta sun yi fari kamar alli.

A nan likita ya gwada. Ya fito ya tambaye ni ko ta taɓa zuwa awo. Na zaro littafin na nuna masa alamun a jere, har da ɗagawa. Ya kalli littafin, ya kalle ni. Ya ce a kawo jini leda uku. Nawa bai yi daidai da nata ba. Mutum biyun da kika ce in nema, ban nema ba. Sai da na koma layin teloli da gudu ina bi shago shago, mutum shida suka bar kekunansu suka biyo ni, aka samu biyu. Awa uku ke nan, Yaya. Awa uku tana kwance tana jira.

Ɗazu na je gida na juye gwangwanin. Na zauna a ƙasa ina tsince su daga cikin duwatsu, Giwa na tambayata ko alewa ce.

Kin sani tun mako biyu da suka wuce. Da layi ɗaya kika ƙara a waccan takardar, da na rufe shagon. Na san za ki ce kin ce in yi kawai, ni na ƙi. Haka ne. Ita ma ta ɓoye, malama ma ta ƙirga fanko. Ina ta juyawa in ga wa zan riƙe, duk inda na juya sai in tarar da kaina a wurin.

An sa mata leda ta biyu. Tana buɗe ido ta rufe, ba ta gane ni ba tukuna. Yaron yana cikin kwalba, ba su bari a taɓa shi. Likita ya ce a yi addu’a, na tambaye shi wa za a yi wa, ya ce duka biyun.

Ban ɗaga mata murya ba. Ina ma ta tashi ita ta ɗaga mini.

Tela

Yaya,

Ina gaisuwa. Da hannuna nake rubutawa, ki yi haƙuri da karkacewar. Na tashi. Yau na taka har bakin ƙofa.

Baban Giwa bai tayar mini da maganar gwangwanin ba. Kullum da safe sai ya ɓallo ƙwaya ɗaya ya ajiye mini a tafin hannu, ya juya baya ya kalli taga. Ina sha.

Sun tura ni a keken marasa lafiya na ga yaron. Yaya, ya zo ƙarami, yadda na roƙa. Ya fito da sauƙi, ko ƙari ba a yi mini ba. Ƙafarsa duka ba ta kai babban yatsana ba. Bai iya kama nono, sai in tatsa a kofi su zuba masa ta wani siririn tiyo a hanci. Duk safiya suna ɗora shi a sikeli. Jiya bai ƙaru ba, yau ya ragu kaɗan. Sun ce gobe za a sake gani.

Ki zo ki tsaya kusa da ni in za a auna shi. Ba na iya kallon sikelin ni kaɗai.

Ƙanwarki,
Maman Giwa